Laraba Ce, Ba Talata Ba

A takarda, ni da matata rana ɗaya aka haife mu: ɗaya ga Janairu. Haka kusan duk ɗan Nijar da na sani a Greensboro. Wanda ya yi mana takardun haihuwa a gida fuskarmu kawai ya duba, ya rubuta "wajejen shekara kaza". Da muka zo nan aka ce ba a san wajejen ba, sai da rana da wata, aka liƙa mana ranar farko ta shekara. Ni abin bai taɓa damuna ba. Mutumin da ke loda kwalaye a tirela tun shida na safe, ranar da yake son sani ita ce ranar hutu.

Babbar 'yarmu ce ta tayar da maganar, lokacin tana shekara tara. An ba su aiki a makaranta su rubuto ranar haihuwar iyayensu. Ta tambaye ni, na faɗa. Ta tambayi uwarta, ta faɗi irin tawa. Yarinyar ta ajiye fensir, ta ce da Turanci malamarsu za ta ɗauka ƙarya ta yi.

Uwar tana zaune tana shafa man kaɗanya a hannu. A ɗakin wanki na wani otal take aiki wajen Sedgefield, inda masu buga ƙwallon sanda ke sauka, sabulun wurin ya tsattsaga mata yatsu. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Rubuta haka nan," in ji ta. "Ni ba ni da rana. Ranakun duk na mutane ne."

Ta yi dariya. Shekara goma sha uku muna tare, na san dariyarta, wannan ba ita ba ce. Na sa takalmi na fita duba man mota, alhali jiya na duba shi. A tsaye gaban motar na yanke shawara: kafin shekarar nan ta fita sai na samo mata ranarta, kuma sai na kai ta wani wuri a ranar, inda ba wanki ba girki.

Wahalar ita ce matata 'yar fari ce. Uwa a wurinmu ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zancen haihuwarsa, ko yabonsa aka yi a gabanta sai ta tashi ta ba da wuri. Matata ta girma tana jin ana ce mata "waccan". Ni kuma suruki ne. Tun ranar ɗaurin aure in na shiga gidansu uwar tata ke jan mayafi ta shige ɗaki. Ba ta inda zan tambaye ta. Sai na nemi ƙanwar tsohuwar, wadda muke kira Inna Ƙarama. Ƙauyen babu waya a lokacin. Na aika saƙo ta wurin wani mai shago a garin kasuwa, aka ce ta zo ranar kasuwa gidan waya bayan azahar.

Na sayi katin kira, na shiga motata a filin ajiye motoci na wurin aiki lokacin hutun ƙarfe goma. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin katin. Ina gajiya, ina sanyi, ina yara, ina uwar yara, ina baƙunta. Da ƙyar na samu na kutsa tambayata.

Inna Ƙarama ta ce, "Kai ɗan nan, boka za ka kai wa?"

"Inna, wane boka a Amurka? Biki zan yi mata."

"Bikin me? Ta sake haihuwa ba ku faɗa ba?"

"Bikin ranar da aka haife ta. Haka suke yi a nan."

"Ikon Allah. Wadda ta sha wuyar tana nan zaune, a can ake cin shinkafar." Ta gama dariyarta, sannan ta fara lissafi. Da damina ne, in ji ta. Gero ya kai ƙugun babban mutum. An kwana ana ruwa har katangar bayan gida ta faɗi. "Talata ce. Na tuna, Talata ce."

Sai na ji wata murya daga bayanta, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da bango.

"Laraba ce. Talata ciwon ya fara. Da hantsin Laraba ta zo, ruwa ya ɗauke, rana ta fito."

Ban san tsohuwar ta biyo ƙanwarta ba. Tafiyar kusan awa biyu ce a amalanke. Na buɗe baki in gaishe ta, Inna Ƙarama ta riga ni: "To, ka ji. Ni dai ban ga wanda ya yi magana ba." Katin ya ƙare a nan.

Gero yana kai ƙugu a wurinmu wajen farkon Agusta. Na ɗauki kalandar da ke rataye a kicin, na sa ɗan yatsa a Laraba ta farko, na ce ke ce. Wata biyar ya rage. Sai da na yi wa shugaban aikinmu Asabar shida a jere kafin ya sa mini hannu a takardar hutun mako guda. Matata na ce mata yara ne ke son ganin teku. Ita ma ba ta taɓa ganinsa ba. A jirgin sama ta haye shi, tana tsakiyar kujeru, tana amai. Ta ce ɓata kuɗi ne. Na ce na ji. Ta nemi hutun.

Saura masauki. A gidan mai na ɗauko wani ɗan littafin talla na kyauta, mai hotunan gidajen haya a bakin teku. Turancina na baki ne, na wurin aiki: ɗaga, ajiye, yi sauri, sai gobe. Karatu ina haɗa baƙi ne a hankali. 'Yata za ta karanta mini cikin minti ɗaya, amma bakinta ba ya riƙe magana. Sai na kai wa wani ɗan garinmu mai tasi bayan sallar Juma'a, don shi ya yi lekkwal, makarantar boko ta Faransanci, shekara shida, kuma ba ya bari a manta.

Ya buɗe littafin a kan bonet. Na nuna masa wani wuri mai ƙananan ɗakunan katako, a ƙarƙashin hoton an rubuta kalma biyu da manyan baƙaƙe. Ta biyun na san ta, firendili, wato mai fara'a, mai son mutane. Ta farkon baƙi uku ce: P, E, T.

"Wannan ai a fili yake," in ji shi. "Peti ke nan. Ƙananan yara. Ka san Amurkawa, kowace kalma sai sun yanke mata wutsiya. Wurin masu iyali ne, suna maraba da peti-peti."

"Ka tabbata?"

"Ni da kai wa ya zauna a aji?"

Na kira lambar. Wata tsohuwa ce ta ɗauka, mai jan magana irin ta mutanen bakin ruwa. Na ce ina son ɗaki, Litinin zuwa Juma'a, ni da matata da peti biyu. Ta yi murna ƙwarai. Ta tambayi shekarunsu, na ce tara da shida. Ta ce ayya, babbar ta fara tsufa. Na ɗauka wasa take, na yi mata dariya. Ta ce maza ko mata, na ce duka mata. Ta ce wane iri ne, na ce 'yan Nijar ne amma a nan aka haife su. Ta ce ba ta taɓa ganin irin ba, tana ɗokin gani. An yi musu allura? Na ce duka, ina da katin. Suna cizo? Na ce ƙaramar ta yi da, amma ta daina tun tana shekara biyu. Daga ƙarshe ta ce doka ɗaya ce: ba sa hawa gado. Wannan ta ɓata mini rai, amma na ce gidanta ne, kuma mu ma a tabarma muka girma. Na sa tabarma biyu a cikin kaya.

Ranar Litinin muka kama babbar hanya mai lamba arba'in, muka miƙe gabas. Awa huɗu da tsayawar sallah. Matata ta soya kaji, ta yi dambu, ta cika kula biyu kamar za mu Agadas. La'asar sakaliya muka isa. Ɗakuna shida ne a jere cikin shingen katako, ga ƙarar teku tana zuwa daga bayan tudun rairayi.

Kafin in kashe mota na ga na farko, wani jibgegen baƙin kare kwance a baranda. Na biyu ya fito daga ƙarƙashin wata mota. Kafin in ƙirga biyar sun kai takwas, manya da ƙanana, wani har da ɗankwali a wuya. Tsohuwar ta fito daga ofis riƙe da tasa biyu na ƙarfe da biskit mai siffar ƙashi. Ta leƙa bayan mota ta ga 'ya'yana, ta gaishe su, ta ci gaba da leƙe tana neman wani abu.

"Ina petin?" in ji ta.

Na nuna mata yaran.

Babbar 'yata ce ta fara ganewa. Ta rufe fuska da hannu, ta ce, "Baba!" Ta yi wa tsohuwar bayani da Turanci, ta juyo ta yi mini da Hausarta mai gutsure-gutsure: ba yara ba ne, dabbar gida ce, kare. Tsohuwar ta ajiye tasoshin a ƙasa, ta dafa motata, ta yi dariya har hawaye. Tana cewa, "Suna cizo! Na tambaye shi ko suna cizo!" Ni ban yi dariya ba. Ina kallon matata.

Ta ɗaga gilashi, ta danna makulli, ta naɗe ƙafafu a kan kujera. Tana da tabo a ƙwaurin hagu. Tana 'yar shekara bakwai, tana kai wa babanta fura gona, karen wasu makiyaya ya kama ta, sai da aka bi shi da sanda. Tun daga nan ko hoton kare ba ta so. A Greensboro in maƙwabci ya fito da nasa, komawa take ta jira a bayan ƙofa ko da za ta makara.

"Malam," ta ce ta bayan gilashi, "juya motar nan."

"Bari in gani."

"Me za ka gani? Ni na gani. Gidan karnuka ka kawo mu. Mala'ika ma ba ya shiga nan, ni ce zan shiga?"

Tsohuwar, da ta ga abin ba wasa ba ne, ta share ido ta shiga ofis ta yi ta buga waya. Agusta ne, ko'ina a cike. Ta dawo ta ce za ta ba mu ɗakin ƙarshe, na can gefen shinge, za ta cire kafet, kuma za ta roƙi baƙinta su riƙe karnukansu da igiya in za su wuce ta nan. Na karɓi bokiti da tsumma. Na cire riga na wanke ƙasan ɗakin nan sau bakwai, na farko da rairayin teku, ina ƙirgawa da ƙarfi don a ji a mota. Na wanke ƙofa, na wanke ƙafafun gado. Sannan na ari wayar ofis na kira limaminmu. Ya ce a mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki ake wankewa, mu yi sallarmu ba komai. Na je na faɗa mata.

"Liman zai kwana a nan?"

"A'a."

"To."

Sai dab da magariba ta fito, ni a gabanta da tsintsiya, yara a bayanta. Ta shige, ta hau gado, ta ce a rufe ƙofa a tokare da kujera. Yaran kuwa a gado suka kwana. Na ce dokar ba ta hau kansu ba.

Talata ta fi muni. Na lallaɓa ta muka hau tudun rairayin don ta ga tekun. Ta gan shi, daga nesa, na minti biyu. Bakin ruwan kaf karnuka ne, suna bin ƙwallo, suna shiga ruwa suna fitowa suna kakkaɓe jiki a kan mutane. Wani ja mai dogon gashi ya nufo mu a guje, harshe a waje, mai shi na ihu daga baya wai yana da kirki. Duk haka suke cewa. Ƙaramar 'yarmu ta durƙusa ta rungume shi. Uwar ta fizge ta, ta ja ta har ɗaki, ta dirje mata hannu da ƙasa har yarinyar ta yi kuka.

Da azahar ta fara ninke kaya.

"Gobe da safe mu tafi. Gara in koma wankin zanen gado, can aƙalla na san abin da zai cije ni."

"Ba a tafiya ranar Laraba."

"Tun yaushe ka zama mai camfi? Ba ranar Laraba ka tafi Legas ka bar ni da ciki ba?"

"Ki ba ni zuwa jibi."

"Malam, ka kalle ni. Yara sun ga teku. Na ga teku, ruwa ne mai yawa. Me ya rage?"

Da na faɗa mata a nan, da ta zauna, na sani. Amma da ta zauna ne a kan gadon nan, ƙafa a naɗe, kujera a tokare da ƙofa, ta ci kek saboda ni. Ba wannan na yi Asabar shida dominsa ba. Na ce mata to, na ɗauki makulli na fita.

Na sami tsohuwar tana ba wa furanni ruwa. Na ce ina da tambaya: ina ne a bakin tekun nan aka hana kare zuwa? Ta ce tun da ta buɗe wurin nan kowa akasin haka yake tambayarta. Na ce ni ma akasin kowa ne. Na gaya mata dalili, da guntun Turancina, har da gero da katangar da ta faɗi. Ban san nawa ta gane ba. Ta ajiye tiyo, ta zana mini hanya a bayan ambulan. Akwai wani tsibiri, in ji ta, tafiyar rabin awa daga nan, ba gida ba mota a kansa, jirgin ruwa ke kai mutane. Ba a shiga jirgin da kare.

Ban yarda da bakin kowa ba kuma. Na tuƙa har mashigar da kaina. A jikin ƙofar akwai allo: hoton kare, an ja masa jan layi daga kunne zuwa wutsiya. Wannan rubutun ba ya buƙatar ɗan lekkwal. Na tsaya na ga jirgi ya dawo, na ƙirga waɗanda suka sauka, duk masu ƙafa biyu. Na tambayi lokacin jirgin safe. A hanyar komawa na tsaya kanti na sayi kek. Mai sayarwar ta ce kyandir nawa. Na ce wajejen talatin da biyar. Ta ce ba ta da wajejen. Na sayi ɗaya. Tsohuwar ta ɓoye mini kek ɗin a firjinta.

Laraba da safe matata ta riga kowa shiga mota. Kaya duk an ɗaure. Na bar ta. Na zaga ta baya na karɓo kek na tura ƙasan kula, na rufe da ragowar kaji. Da muka kai mararraba, maimakon hagu na yi dama.

"Ba nan muka biyo ba."

"Na sani."

Na tsaya a mashigar. Ta dubi ruwan, ta dubi jirgin yana rawa a jikin katako, ta dube ni.

"Daga kare sai kwalekwale? Malam, in kashe ni kake so ka faɗa, in yi wa yara wasiyya."

Na nuna mata allon. Ta ce ta gani, allon bai ce ruwa ba ya cin mutum ba. Jirgi saura minti ashirin. Na ce wa yaran su fita su tsaya inda nake ganinsu. Na kashe mota. Ni ban iya jera magana ba, kuma wadda na zaɓa ita ce mafi muni.

"Akwai saƙo daga gida."

Fuskarta ta canza nan take. Ta kama hannun ƙofa. "Inna lillahi. Wa ya rasu? Inna ce? Shi ya sa ka kawo ni nan? Tun yaushe ka sani?"

Na manta. A wurinmu in aka fitar da yara, aka kashe mota, aka ce akwai saƙo daga gida, abu ɗaya ne. Shekara tara ba ta ga uwarta ba, kullum wayar da take tsoro ke nan.

"Ba wanda ya rasu! Wallahi kowa lafiya. Ki saurara. Yau ranarki ce."

"Wace rana?"

"Da aka haife ki. Ba Janairu ba. Na tambayo."

Na ba ta labarin tun daga katin kira. Da na zo kan boka ta ɗan saki fuska, ta ce Inna Ƙarama ba za ta canza ba. Na faɗi damina, na faɗi gero, na faɗi katanga. Ta ce ta san katangar, har ta girma ana nuna inda aka yi mata faci. Na ce Inna Ƙarama ta ce Talata ce.

"To ai yau Laraba."

"Wata ta gyara mata."

"Wa?"

"Wadda ba ta magana."

Ta juyo gaba ɗaya. "Ta zo gidan wayar?"

"Ta zo."

"A amalanke? Da ƙafar nan tata?"

"Ban ga ƙafa ba, murya na ji."

"Me ta ce? Faɗa mini yadda ta faɗa. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Na faɗa. Laraba ce. Talata ciwon ya fara. Da hantsin Laraba ta zo, ruwa ya ɗauke, rana ta fito.

"Ta zo, ta ce? Ba waccan ba?"

"Ta zo."

"Sake faɗa."

Na sake. Ta zauna tana kallon hannuwanta a kan cinya. Ba ta yi kuka ba, ko in ta yi ban duba ba. Na sami abin gogewa a madubin gefe. Jirgi ya yi ƙaho. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta buɗe ƙofa.

"Ɗauko kular," in ji ta. "Kai kuma sai ka tsaya kana goge madubi."

A cikin jirgin ta riƙe damtsena da hannu biyu, a gaban Turawa, a gaban 'ya'yanmu, abin da ba ta taɓa yi ba. Idonta a rufe, tana karanta duk addu'ar da ta sani, har da ta shiga kasuwa. Sai da aka ɗaure jirgi ta sake ni. Shatin yatsunta ya kwana biyu.

Abin da tsohuwar mai masauki ba ta gaya mini ba shi ne daga inda jirgi ke tsayawa zuwa bakin teku tafiya ce mai nisa, a rana, ba inuwa. Na ɗora kula a ka kamar ɗan dako a tasha, tabarma a hammata. Ina tafe ina tsine wa mai tasi da lekkwal ɗinsa. Da muka hau tudun ƙarshe sai ga shi: rairayi fari har iyakar gani, mutane ƙalilan can nesa, tsuntsaye. Matata ta tsaya ta duba dama, ta duba hagu, ta sake dubawa. Ko sawun kare babu.

Kek ɗin ya narke ta gefe ɗaya, kuma ya ɗauki ƙamshin kaza. Na dasa kyandir ɗin. Ashana shida na ƙyasta, iska ta kashe duka. Yaran suka ce ba komai, suka yi mata waƙar bazde da Turanci, ta hura kyandir ɗin da ba wuta. Ta ci yanka ɗaya ta ce sukari ya yi yawa, ta ci na biyu.

Sannan ta tashi, ta cire takalmi, ta ɗan ɗage zane, ta nufi ruwan ita kaɗai. Na bi ta a baya. Igiyar farko ta zo ta ja da baya. Ta biyu ta tsaya. Ruwan ya rufe idon sawu, ya hau har kan tabon, ya koma.

"Da hantsi ta ce?"

"Da hantsi."

Ta ɗaga kai ta dubi inda rana take. "To yanzu ne."

Ta tambaye ni ta ina gida yake. Na nuna mata gabas, ƙetaren ruwan, ko da yake ban tabbata ba. Ta daɗe tana kallon wajen. Ni na koma na zauna a tabarma, don bayana ya riƙe.

Ba mu koma Greensboro ran nan ba. Da jirgin la'asar ya dawo da mu, na tsaya a mararraba na dube ta, ta ce an riga an biya ɗaki, kuma wani ya wanke shi sau bakwai. Mun kai Juma'a. Ba ta shirya da karnuka ba, kujera ta ci gaba da tokare ƙofa, amma Alhamis ita ta ce a koma tsibirin, kuma ta buɗe ido a jirgi. Ranar tafiya tsohuwar ta ba yaran biskit na mutane, ta ce su ne peti mafi ladabi da ta taɓa sauka. Mai tasi kuwa har yau yana cewa Turancin ne ba daidai ba.

Da aka koma makaranta, sabuwar malama ta ba ƙaramar irin aikin nan. Ta zo da fensir ta tsaya gaban uwarta, ta tambaya. Uwar tana shafa man kaɗanya.

"Rubuta Laraba."

Yarinyar ta ce da Turanci Laraba ba kwanan wata ba ne, ana son lamba.

"Ke dai rubuta. In ta tambaya, ki ce kakarki ce ta faɗa."